Yadda Ake Alƙalancin Lambar Yabo ta Tara Kuɗin Taimako: Jagora ga Wanda Aka Sa a Kwamiti

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙaddamar da gidauniya ya san yadda ake yi. An kafa rumfuna, manyan baƙi sun jeru a kujerun gaba, mai gabatarwa sai zuba kirari yake. Babban mai ƙaddamarwa ya miƙe ya ce shi da iyalansa sun ba da naira miliyan 20, wuri ya ɗauki kabbara da tafi. Wakilin wane ya ce miliyan 10, "za a aiko". Kafin la'asar an sanar da cewa an tara miliyan 80. Bayan wata 6 ka tare ma'aji ka tambaye shi nawa ne a asusu, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi muna dai ta bin su."

Idan aka kira ka cikin alƙalan da za su zaɓi wanda ya fi kowa iya tara kuɗin taimako a shekara, wannan ma'ajin za ka riƙa tunawa. A Ingila irin wannan gasa ta daɗe. Cibiyar ƙwararrun masu tara kuɗin agaji ta ƙasar, wadda aka kafa a 1983, ta shafe shekaru tana ba da lambobin yabo rukuni-rukuni. A nan gida ma abin ya fara yawa: ƙungiyoyin ci gaban gari, na tsofaffin ɗalibai, na matasa, kowa na son karrama masu aikin alheri. Niyya mai kyau ce. Sai dai sau da yawa wanda ya fi amo shi ke tafiya da allon yabo, wanda ya fi aiki kuma ya tafa masa.

Mataki na 1: Kafin ka ce "to"

Ka fara da yi wa masu shirya taron tambayoyi uku. Wa ke biyan kuɗin zaure da allunan yabo? Wanda aka zaɓa zai biya wani abu? Akwai wanda ke da ikon canza hukuncin alƙalai? In aka ce sai ƙungiya ta sayi tebur kafin a kira sunanta, ko mai ɗaukar nauyi zai "duba" jerin sunaye kafin a sanar, ka yi godiya ka kama gabanka. Lambar yabo ta zama haja, sunanka ake so a yi talla da shi.

In kuma sun ce jama'a ne za su zaɓa ta Facebook ko ta saƙon waya, a ware wannan ya zama rukuni mai zaman kansa, a kira shi zaɓin jama'a. Kada a cuɗa shi da makin alƙalai, domin yawan mabiya yake aunawa.

Alƙalai su zama 5 ko 7, saboda kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A samu akanta, a samu malami, a samu wanda ya taɓa yawon neman taimako da ƙafarsa ya san zafin a ce masa "ka dawo gobe". Lallai kuma a sa mata, ba don cika gurbi ba: su ne za su iya shiga gida su ga bazawarar da aka ce an ba jari, su ji ta bakinta ba tare da namiji na tsaye a zaure ba.

Sai batun alaƙa. A garuruwanmu kowa na kowa ne. Wannan surukinka ne, wancan kun yi makarantar allo tare. Kowane alƙali ya rubuta ƙungiyoyin da yake da dangantaka da su tun kafin a buɗe fom ko ɗaya. Idan aka zo kan su, ya fita daga ɗakin. Zama a yi shiru bai wadatar ba, fuskar mutum kaɗai tana hana abokan zamansa faɗin gaskiya.

Mataki na 2: A raba rukuni

Ba a haɗa gidauniyar attajiri da ƙungiyar matan unguwa a ma'auni ɗaya. A raba bisa girman kuɗin da ke shiga hannun ƙungiya a shekara, sannan bisa irin aikin: agajin gaggawa, neman kuɗin magani, ciyarwar azumi, gini, ɗaukar nauyin marayu. Hannun mutane ya fi sakuwa a Ramadan da lokacin bala'i, don haka wanda ya tara kuɗin gyaran ajin makaranta a tsakiyar damina ya fi shan wahala a kan kowace naira. Rukuni 5 ko 6 sun isa. In suka kai 20, kowa zai koma gida da allo, yabon ya zama ruwan dare.

Mataki na 3: Fom da hujjoji

Fom ya zama gajere, tambayoyi iri ɗaya ga kowa: me kuka nufa tarawa, nawa ya shigo, daga mutum nawa, nawa kuka kashe wajen tarawa, me aka yi da kuɗin, yaya kuka sanar da waɗanda suka bayar. A iyakance yawan kalmomi, a kuma fayyace daga wace rana zuwa wace rana ake lissafi.

A karɓi amsa da Hausa, har da saƙon murya ga wanda rubutu ke ba shi wahala. In ba haka ba, gasar za ta koma ta waɗanda ke iya hayar mai rubuta musu Turanci mai santsi. Abin da ba a sassautawa shi ne hujja: takardar bayanan asusu daga banki ta tsawon lokacin duka, rasidai, da jerin masu bayarwa.

Mataki na 4: Tankaɗe da rairaya

Wannan aikin sakatare ne da akanta, kafin fom ya isa ga sauran alƙalai. A Nijeriya a duba ko ƙungiya na da rajistar amintattu da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ko tana miƙa rahotonta na shekara kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, ko kuma tana da takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Dokar 2022 kan wannan batu ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani ko ƙungiya sama da miliyan 10, sai ta banki. Wanda ya rubuta da alfahari cewa wani bawan Allah ya kawo musu miliyan 15 a jakar bakko, ya ba ku abin tambaya da hannunsa.

Amma a yi hattara, kada takardu su kori talaka. Da yawa daga cikin masu nema wa marasa lafiya taimako a intanet da asusun kansu suke karɓa, kuma a cikinsu akwai masu amana ƙwarai. A ra'ayina kada a kore su. A buɗe musu rukunin ɗaiɗaikun mutane, da sharaɗin su kawo bayanan asusun gaba ɗaya, ba hotunan alat da suka zaɓo ba, tare da mutum biyu da suka shaida yadda kuɗin ya fita. Wanda ya ce asusunsa sirrinsa ne, da gaskiyarsa, amma shi ya zuba kuɗin jama'a a ciki.

Mataki na 5: Lissafin kuɗi

Nan ne aikin yake, kuma nan alƙalai suka fi yin gaggawa.

Ka ja layi uku a takardarka: alkawari, abin da ya shiga asusu, da kayan da aka bayar. Layi na farko ba shi da maki ko ɗaya. Bayan da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, an yi ta sanar da gudummawar biliyoyi. Gwamnatin Borno da kanta ta riƙa bambanta abin da aka yi alkawari da abin da ya iso hannu, kuma a makonnin farko tazarar ba ƙarama ba ce. In gwamnati sai ta bi bashin alkawari, ina ga ƙungiyar unguwa? Hasali ma, ƙungiyar da ta iya karɓo kaso mai yawa na alkawuran da aka yi mata ta nuna ƙwarewar da ta cancanci maki.

Kaya kuwa, buhunan masara ne ko atamfofi ko siminti, a yi musu kuɗi da farashin kasuwa na lokacin da aka bayar. Kada a yarda da ƙiyasin mai nema, kowa tsadar kayansa yake gani.

Daga nan sai tambayar da ba a son ji: nawa aka kashe kafin a tara? A ce ƙungiya ta farko ta tara miliyan 30 a liyafar otal, amma zaure da abinci da makaɗa da talla sun ci miliyan 12. Abin da ya rage miliyan 18, kuma a jimillar da ta tara, kowace naira da ta kashe ta jawo naira 2 da sule 5. Ta biyu ta tara miliyan 9 ta WhatsApp da bin masallatan Juma'a, ta kashe 600,000. Kowace naira ta jawo 15. Ka ƙara dubawa, sai ka ga miliyan 20 daga cikin 30 ɗin ta farko shugaban amintattunta ne ya bayar. Wannan kyautar mutum ɗaya ce, Allah ya saka masa, amma ba gwanintar tara kuɗi ba ce. Ta biyun kuwa mutum 2,000 ne suka sa hannu, daga mai 500 zuwa mai 50,000. Ranar da attajirin can ya yi fushi, ta farko ta durƙushe. Ta biyu da yayyafi koginta ya cika, kuma baɗi ma za a yi yayyafi.

Sai dai kada ka ɗauka duk wanda ya kashe kaɗan shi ne gwani. Wanda ya rubuta cewa bai kashe ko sisi ba, tambaye shi wa ya sayi man mashin, wa ya sa data, wa ya biya gidan rediyo. Wani ne ya ɗauki nauyin, ba a dai rubuta ba. Kashe kuɗi a kan tarawa ba laifi ba ne. Aya ta 60 a Suratut Tauba, da ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, ta sa ma'aikatan da ke tattara ta a cikinsu. Ƙungiyar da ta ɗauki akanta ta biya shi albashi ta fi min wadda ke taƙama da "kowa fi sabilillahi yake yi" alhali ba wanda ya san inda rasidi yake. Abin nema shi ne a faɗi abin da aka kashe, kuma masu bayarwa su san da shi.

Abu na ƙarshe a nan, darajar kuɗi. Kafin watan Yuni na 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100. Ƙungiyar da ke samun tallafi daga 'yan uwa mazauna waje za ta iya nuna cewa kuɗinta ya ninka uku alhali ko dala ɗaya ba ta ƙaru ba. In ana kwatanta bana da bara, a tambaya buhu nawa kuɗin ya saya, ko ɗalibi nawa ya biya wa.

Mataki na 6: Yaya aka roƙa?

Akwai hanyar tara kuɗi mai saurin kawo alat: a ɗauki bidiyon mara lafiya a kwance, a yaye zane a nuna ciwon, uwa na kuka a gefe. Ko a jera marayu a rana, kowa riƙe da ledar shinkafa, a ce su ɗaga sama a ɗauki hoto. Kuɗi na shigowa, ba musu. Amma yaron nan zai girma, bidiyon na nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, har da lambar yabo a sama? Alƙur'ani ya yi kashedi a Baƙara, aya ta 264, kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa. Alƙali ya tambaya: an nemi izinin mai hoton ko waliyyinsa? An gaya masa inda za a sa? Da an rufe fuskar, me za a rasa?

Mai bayarwa ma yana da haƙƙi. A 2015 wata dattijuwa 'yar shekara 92 a birnin Biristol na Ingila, Olive Cooke, ta rasu, sai ta bayyana cewa ƙungiyoyin agaji sun yi ta yi mata ruwan wasiƙun roƙo, suna musayar adireshinta a tsakaninsu. Iyalanta sun ce ba wannan ne sanadin mutuwarta ba, amma abin ya tayar da ƙura har aka kafa hukumar sa ido kan masu tara kuɗin agaji a 2016. Mu ma muna da irin tamu: a jefa mutum cikin zauren WhatsApp ba da saninsa ba, a wallafa sunansa da abin da ya bayar don a kunyata wanda bai bayar ba, ko a kira sunan baƙo a lasifika a ce "Alhaji bai yi magana ba tukuna". Nijeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, lambar wayar mai bayarwa ba ta rabawa ba ce.

Tambayoyi biyu da nake yi wa kowa, domin suna saurin fito da halin ƙungiya. Ta farko: in kuɗi ya wuce buƙata, ko mara lafiyan ya rasu kafin a yi aikin, ina ragowar ta tafi, kuma wa aka tambaya? Ta biyu: kuna ware zakka daga sadaka? Zakka tana da masu ita, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a yi ginin masallaci da ita ba. Wanda ya zuba komai a tukunya ɗaya bai san amanar da ya ɗauka ba.

Mataki na 7: Ba da maki

Ga rabon da nake ba da shawara, a kan maki 100: abin da ya shigo idan aka gwada da abin da aka nufa da kuma ƙarfin ƙungiyar, 20, kuɗin da aka kashe wajen tarawa, 15, mutunta mai karɓa da mai bayarwa, 20, riƙon amana da ba da bayani, 20, abin da kuɗin ya aikata, 15, sabuwar dabara da wasu za su iya koya, 10. Kwamiti na iya sauya rabon, amma a yi haka kafin a ga sunan kowa, kuma a sanar da masu shiga gasar.

Kafin a fara, duk alƙalai su gwada hannu a kan fom ɗaya, su kwatanta. Za ka tarar wani 9 cikin 10 yake rabawa kamar goron biki, wani kuwa ko ɗansa ne ba zai wuce 6 ba. A daidaita me 5 ke nufi, me 8 ke nufi. Bayan haka kowa ya tafi gida ya yi nasa shi kaɗai, ya rubuta dalili ko da layi ɗaya ne a gaban kowane maki, ya miƙa wa sakatare. Kada kowa ya fara daga fom na ɗaya. Wani ya faro daga ƙarshe, wani daga tsakiya, saboda wanda aka karanta da ƙarfe 11 na dare ba ya samun adalcin wanda aka karanta bayan karin kumallo.

Mataki na 8: Gani ya kori ji

Uku na sama a kowane rukuni, a je a gani. Mutum biyu, ba tare da dogon shiri ba.

Na taɓa zuwa duba wata rijiyar burtsatse da aka ce an haƙa da kuɗin gidauniya. Mun tarar da ita tana aiki, yara sun yi layi da jarkoki, allon ƙungiya na sheƙi. Abokiyar tafiyata ce ta lura fentin allon ya fi na tankin sabunta nesa ba kusa ba. Ta tsuguna wajen wata tsohuwa mai sayar da ƙuli, suka gaisa, ta ce, "Baba, yaushe aka yi muku wannan rijiya?" Tsohuwa ta ce, "Ai, 'yar nan, rijiyar ta daɗe, tun kafin a aurar da autata. Waɗannan dai sun zo sun gyara mana famfo, Allah ya yi musu albarka." Gyaran famfo aikin lada ne, da shi suka rubuta da sun sami makinsu. Amma haƙa suka ce.

A kuma kira masu bayarwa 5 ko 10, waɗanda ku kuka tsamo daga jerin, ba waɗanda aka miƙo muku ba. Tambaya ɗaya ta isa: bayan kun bayar, an dawo an gaya muku abin da aka yi?

Mataki na 9: Zaman yanke hukunci

Sakatare ya kawo jimillar maki. Inda alƙalai suka yi kusa da juna, a wuce. Inda wani ya ba da 9 wani ya ba da 3, a tsaya, wataƙila ɗaya ya ga abin da ɗayan bai gani ba.

Ƙaramin cikinku ya fara magana, shugaba ya zama na ƙarshe. Mun san halinmu: da zarar dattijo ya ce "ni dai a ganina", sauran sai "haka ne, ranka ya daɗe". Kada kuma a bari maganar "bara 'yan gari kaza ne suka ci, bana a ba wasu" ta shigo. Rabon naman layya daban, gasa daban. In an yi kunnen doki, wanda ya fi maki a riƙon amana ya ɗauka. In ba wanda ya kai a wani rukuni, a bar shi fayau a faɗi dalili. Kowa ya sa hannu a takardar sakamako kafin a tashi, a riƙe kwafi biyu a hannu biyu, saboda kada suna ya canza tsakanin ɗakin taro da dandamali.

Mataki na 10: Bayan an tafa

Lambar yabo takardar shaida ce. Gobe za a manna hotonta a fosta a nemi kuɗin mutane da ita, da sunayenku a ƙasa. Don haka a rubuta shekara da sunan aikin a jikin allon, kuma tun a fom a sa sharaɗin cewa kwamiti na iya janye ta idan aka gano ƙarya.

A watan Afrilu na 2020, lokacin kullen korona, Kyaftin Tom Moore, tsohon soja ɗan shekara 99, ya yi ta zagaya lambun gidansa da keken dogarawa don ya tara fam 1,000 ga ma'aikatan lafiyar Birtaniya. Ya tara sama da fam miliyan 32, kuɗin ya isa inda aka nufa, Sarauniya ta karrama shi. Amma gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya ta faɗa bincike, kuma a watan Nuwamba na 2024 hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta bayyana cewa wasu daga iyalansa sun amfana da ita ta hanyar da ba ta dace ba. Aiki ɗaya kuka auna, a shekara ɗaya, allonku ya faɗi haka ƙarara.

Waɗanda ba su ci ba, a aika wa kowa wasiƙa cikin mako 2: abu biyu da suka yi daidai, abu ɗaya da ya rage musu maki, ba tare da an ambaci wane alƙali ya ce me ba. Takardun banki da jerin masu bayarwa da aka karɓa a mayar wa masu su ko a ƙona, a goge na cikin waya da kwamfuta. Takardun maki kuwa sakatare ya adana su shekara guda, ko da wani zai zo da ƙorafi.